Kaskon girafayit da ragunana biyu

Wai in sayi kaskon narka ƙarfe da yawa in jibge, don ka gani a waya cewa batirin motocin lantarki zai cinye girafayit ɗin duniya, baƙin ma'adinin nan da ake yin kaskon da shi? Saki zugazugin nan ka zo ka ji.

A ƙarshen 2023 wani dillali ya zo nan, ya tsaya daidai inda kake tsaye, da irin wannan maganar taka. Ya ce Sin ta kafa doka, daga watan Disamba ba mai fitar da girafayit mai kyau sai da takardar izini. A nan bai yi ƙarya ba, don kusan duk wanda ake tacewa saboda batir daga can yake fitowa. Ya rantse kafin Sallah kasko zai gagari talaka. Ni da na fi shekara 30 ina zubin tagulla, sai ga ni na sayar da raguna biyu da nake kiwo, na karɓi kasko 24.

Ana saura kwana goma Sallah, wani hakimi ya aiko a yi masa likkafa da kayan doki na hawa. Na gasa kaskon kamar kullum, kada ma ka tambaye ni yadda ake yi, wanda bai san wannan ba ya koma tallan gyaɗa. Tagulla ta narke ta yi jawur, ina ɗagawa da awartaki sai gindin ya ɓalle. Ta malale cikin toka, Allah ne ya tsare ƙafata. Na fasa na biyu da guduma in gani: yumɓu ne zalla, an shafe shi da baƙi. Na gaskiya in ka goga a takarda zai zana kamar bakin fensir har cikinsa, hannunka ya yi santsi. Na biya tagullar mutane daga aljihuna, dillali kuwa har yau wayarsa a kashe.

Abin da ya fi ci mini rai, girafayit ɗin ma bai yi tsada a kasuwar duniya ba. Gaskiya ne batirin mota ya fi cin girafayit a kan litiyom ɗin da kuke ta zuzutawa, masu narka ƙarfe da wutar lantarki ma da sandunansa suke aiki. Amma mutanen Sin suna haɗa nasu daga dusar matatar mai, su gasa ta a zafin da ya kusa digiri 3,000, suka cika kasuwa har farashi ya faɗi. Babbar mahaƙar girafayit ta Balama a Mozambik ma sai da ta riƙa dakatar da aiki. Tsadar da muka gani a nan, naira ce ta faɗi.

Ku yaran yanzu da kun ga bidiyon minti ɗaya kun zama 'yan kasuwar duniya. Kasko biyu za ka sayo gobe, kuma ka kankare gindinsa da wuƙa a gaban mai shagon kafin ka miƙa kuɗina.