Pisin ɗin Alhaji ya sake yin kore: wa zai biya?

Wani matashi mai gyaran famfo daga Sabon Gari ya aiko da wannan tambaya: "Wani Alhaji ya ba ni jika 30 in gyara masa pisin, wato wurin ninkaya na gidansa, da gansakuka ta mamaye. Na zuba jabel, ruwa ya washe, bayan mako guda ya koma kore shar. Yanzu ya ce in sake kyauta. In yi ko in ƙi? Kuma wannan sana'a za ta riƙe mutum?"

Ƙanena, ka koma ka yi masa aikin, amma kuɗin magani daga aljihunsa. Tun wajen ciniki ka faɗi: ka yanke farashi ba ka auna ramin ba, ba ka kunna injin tace ruwa ka ji kukansa ba.

Ɗauko mita. In tsawo 8 ne, faɗi 4, zurfi 1.5, ruwan ciki lita 48,000 ne, tano 240 ke nan. Kwalaben jabel na kanti ba su isa wannan ba. Kulor, wato sinadarin da ke kashe gansakuka, kaɗan ne a cikinsu, zafi kuma na ƙara rage masa ƙarfi. Abin da za ka nema shi ne garin kulor, wanda ƙarfinsa ke kai kashi 65 cikin ɗari. Don ka ɗaga ruwan zuwa miligiram 10 a kowace lita, sai ka zuba wajen giram 750 a tashi ɗaya, kuma ruwan da ya yi kore sosai yakan nemi a maimaita. Da wannan lissafi ake zuwa wurin mai gida.

Kafin ka zuba, gwada pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da takardar gwaji. Tsakanin 7.2 da 7.6 ake so. In ya haura, kulor na nan a ruwa amma ba ya cizo. Ka dirje bango da burushi har santsin nan ya fita daga lungun matakala, don can gansakuka take ɓuya. Ka zuba magani bayan magariba, domin ranarmu ta Damagaram cinye kulor take yi cikin 'yan awoyi. Sannan inji ya kwana yana aiki har ruwa ya washe, kana ka wanke yashin matatar injin. Nan ne fa ake samun matsala: in wuta na ɗaukewa kuma gidan ba janareto ko sola, ruwa zai kwanta, gansakuka ta dawo. Ka faɗa wa Alhaji wannan a gaban shaida kafin ka taɓa komai.

Wani abu da ba na wasa da shi: kada ka haɗa kulor da asid, ko a bokiti ko a ɗakin ajiya. Iskar da ke tashi tana iya kashe mutum. Maganin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa ake zubawa a kansa ba.

Batun riƙe mutum kuwa, gidajen da ke da pisin a garin nan ba su da yawa, kada ka saki gyaran famfo. Amma kana da abin tallar da ya fi kowane: a garin da ake kwana layin ruwa cikin Afrilu da Mayu, wanda zai hana a zubar da tano 240 ya cancanci kuɗinsa. Ribar tana cikin yarjejeniyar wata-wata. Kana zuwa sau biyu a mako, ka kwashe ganye da ƙurar hunturu, ka tabbata kulor na tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ka rubuta a ɗan littafi mai gadi ya sa hannu. Ladanka daban, rasidin magani daban.

Da wannan tayin za ka koma wa Alhaji: wankin farko ka yafe ladan hannu, shi kuma ya sa hannu a kan wata uku.