Tsuntsun da na saya ya daina kuka, in sake shi?

Tambaya: Malam, na sayi wani ƙaramin tsuntsu mai daɗin murya, mai shi ya ce daga kurmin kudancin Najeriya aka kawo shi. Tun da hunturu ya shigo Damagaram ya yi shiru, ya bubbuɗe gashi, geron ma ba ya taɓawa. Maƙwabta sun ce in sake shi in samu lada. Ina tsoron ya mutu a hannuna.

Amsa: Malam, kada ka sake shi. Yawancin masu waƙar kurmi ƙwari da ƴaƴan itace suke ci, gero ba cimarsu ba ce. Ba shi gwanda, ayaba, gara da tsutsa. Ka rufe kejin da tsumma ta gefen iska, ka ajiye kasko da ruwa ya yi wanka. Kuma nesa da kaji: a Magariya aka fara ganin murar tsuntsaye a Nijar, a 2006. In bai farfaɗo ba, sai likitan dabbobi.

Sai maganar ladan nan, wadda na gaji da jinta. Sake shi ya je ina? Inda ya fito ruwan sama yakan haura milimita 2,000 a shekara, inuwa ba ta yankewa. Mu nan da ƙyar muke samun 400. Ka buɗe keji, zai sauka kan bedi ko gawo, bai san inda ruwa yake ba, bai san shaho ba. In shaho ya bar shi, kyanwa na jira. Shi ba ɗan ci-rani ba ne irin shamuwa da zai kama hanyar gida, a kurmi ɗaya ake haifarsa ya mutu. Amma sai mutum ya shafa fatiha ya ce ya ƴanta bawan Allah!

Har akwai masu saye takanas don su saki. To kuɗinsu ne ke mayar da mai danƙo da tarko cikin daji, kuma kafin ɗaya ya iso nan da rai, wasu sun mutu cikin kwando a hanya. Kurmin ma ɗan saura ne, irin Okomu da Kuros Riba, masu katako da gonakin koko na ci ta gefe. Duk dillalin da ya ce maka a gida aka kiwata tsuntsun da yake sayarwa, ce masa ya nuna maka iyayen.