Clara Rojas ba sojoji suka ƙwato ta ba

Ka tambaya ko tare aka kuɓutar da Clara Rojas da uwar ɗakinta Ingrid Betancourt, wadda ta yi takarar shugabancin ƙasar Kolombiya. A'a. 'Yan tawayen FARC na Kolombiya sun kama su tare a Fabrairun 2002, amma Clara, manajar kamfen ɗin Ingrid, sakin ta aka yi ranar 10 ga Janairun 2008 bayan shugaban Venezuela na lokacin, Hugo Chavez, ya shiga tsakani. Ingrid kuwa sai Yuli sojoji suka ƙwato ta.

A ganina ɗan Clara ne ya hanzarta sakin ta. A daji ta haife shi a 2004, aka farka mata ciki, jaririn ya karye a hannu, 'yan tawayen suka raba su yana wata takwas. FARC ta yi alkawarin sakin yaron, ashe yana gidan reno na gwamnati a Bogota. Kunya ta ishe su.