Me ake yabawa a faifan Blackwater Park?

Tambaya: Malam, ƙanena ya kunna min faifan Blackwater Park, ni dai gurnani kawai na ji. Ina daɗinsa yake?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙara ba shi kunne. Ƙungiyar Opeth ta Suwidin ce ta fitar da shi a 2001, mawaƙin Birtaniya Steven Wilson ya taya su haɗa sautin. Abin da ke burge ni shi ne mawaƙin ƙungiyar, Mikael Åkerfeldt: yana cikin gurnanin, kwatsam sai ya koma tattausar murya, jitar lantarki ta yi shiru, fiyano ko jitar katako ta karɓa. Salon kiɗan shekarun 1970 ne ya gauraya da zafin death metal (kiɗa mai tsananin ƙara da gurnani), har wasu waƙoƙin sun haura minti 10. Fara da "Harvest", babu gurnani a cikinta ko kaɗan.