Ɗiyata ta samu gado a hostel, mu karɓa ko mu kama mata ɗaki a Samaru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, har an ba ta gado a ɗakin kwanan ɗalibai. Maƙwabta sai tsorata ni suke yi, wai cunkoso ya yi yawa, ga kuɗin cizo. Babanta ya fi son a kama mata ɗaki a Samaru. Me za mu yi? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya albarka a karatun. Shawarata ita ce kada ku saki gadon nan, ko da na shekarar farko ne kawai.

Maƙwabtanki ba ƙarya suka yi ba game da cunkoso, amma matsalar ta ƙasa ce baki ɗaya. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don duba buƙatun jami'o'i ya gano a 2012 cewa ɗaliban da ke da gado kimanin ɗaya cikin goma ne kawai. Ita ABU a 1962 aka buɗe ta, lokacin ɗalibai ba su kai ko kusa da yawan na yau ba. Ko ɗakuna 360 da Gidauniyar Dangote ta miƙa wa jami'ar a 2019 sun rage matsalar ne kawai. Gadon da ɗiyarki ta samu, ɗaruruwa na can suna nemansa.

Abin da ke lalata hostel shi ne ƴan raɓe. Na yi shekaru ina aikin kula da ɗalibai a wata jami'a, na sha shiga ɗakin mutum huɗu in tarar da katifa takwas. Kowace ta tausaya wa ƙawarta. Amma banɗakin da aka gina don mutum ashirin, idan arba'in suka hau kansa, dole ya toshe, tankin ruwa kuma ya ƙare kafin hantsi. Ki ja mata kunne a kan wannan, duk da na san hana ƴar'uwa wurin kwana yana da nauyi.

Ki je ki gani da idonki, da sassafe, lokacin da kowa ke neman ruwan wanka. Fenti ba ya nuna komai. Ki murɗa famfo, ki leƙa banɗaki, ki duba ko tagogi na buɗewa kuma da raga. Ki kalli soket: idan ya yi baƙi, an ɗora masa hita da risho na lantarki fiye da ƙima, kuma daga nan gobara ke tashi. Ki tambayi matar da ke kula da ginin ko akwai ƙofar fita ta biyu.

Kuɗin cizo a ɗinkin katifa da tsagar gado yake ɓuya. Ta tafi da sabuwar katifa, ta riƙa shanya ta a rana. Don Allah kada ta fesa fiya-fiya a rufaffen ɗaki, gubar gona ce. Ki haɗa mata gidan sauro da bokiti mai murfi, a kuma yi mata rigakafin sanƙarau kafin zafin Maris, domin cutar na son ɗaki mai cunkoso.

Ɗakin Samaru yana da sarari, amma ku lissafa kuɗin haya na shekara, da na ƴan garuwa, da na wuta. Abin da ya fi damuna shi ne dawowar yarinya sabuwar zuwa ita kaɗai da dare bayan karatu. A cikin makaranta akwai masu gadi, asibitin ɗalibai na kusa, idan zazzaɓi ya kama ta cikin dare akwai wadda za ta ji. Idan ta shiga aji biyu, ta san gari, ta san ƙawayen kirki, sai ku sake zama da babanta a kan maganar haya.