Ɓarawon yana cikin ruwa

Jiya bayan la'asar ka tare ni da cewa, "Maigida, 'ya'yan tarwada 2,000 muka zuba a tankin tampol ɗin can, yau wata guda ke nan. Na ga sun ragu sosai, kuma ko gawa goma ban tsinta ba. Anya ba maigadi ke kwasa da dare ba?"

Ɗana, kada ka ɗauki alhakin bawan Allah. Wa zai sayar da mutuncinsa a kan kifin da bai wuce ɗan yatsa ba? Junansu suke ci.

Tarwada ba ta girma bai ɗaya. Uwa ɗaya, rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su, amma kafin mako biyu wasu sun yi wa saura fintinkau. Su ne masu gonakin kifi na Ikorodu a Legas ke kira shuta. Da zarar bakin babba ya isa haɗiye ƙarami, magana ta ƙare. Gobe bayan sallar asuba, kafin ka watsa abinci, ka tsaya shiru a bakin tankin. Za ka ga wani ƙato da tumbi tim alhali ba a ba su komai ba, wani lokacin ma da wutsiyar ɗan'uwansa tana reto a bakinsa.

Maganin shi ne tacewa, wato raba su gwargwadon girmansu, duk mako biyu har su kai wata uku. Ka hana su abinci tun daren da za a wayi gari a tace, domin kifi mai cikakken ciki in an dame shi amai yake yi, ruwa ya ɓaci. Da sanyin safiya ka rage ruwan, ka kwaso su da raga, ka jera baho uku: manya, matsakaita, ƙanana. Ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa su. Yauƙin nan na jikinsu shi ne rigarsu, in ya goge ciwo ke shiga. Sannan ka yi hattara da ƙayar da ke gefen kai, ga tabonta nan a tafina.

Kowane rukuni da tankinsa da abincinsa. Ƙanana su ci gaba da abinci mai ƙwayar milimita 2, manya a kai su 3. Na san buhun nan mai kilo 15 ya yi tsada, har kana rage hannu don ka tausaya wa aljihuna. Na gode, amma daina. Yunwa ce ke ƙara musu cin juna.

Shekarata ta farko a Agege na zuba 1,000, na ce tacewa wahalar banza ce. Bayan wata biyar matan da ke banda suka zo da bahunansu, masu farfesu ma suna jira. Muka zubar da ruwa, abin da ya fito bai kai 400 ba. Wata ta leƙa tankin ta ce, "Alhaji, ina sauran?" Har da ni a leƙen.

Je ka wanke bahunan nan. Gobe ka yi kallonka, da dare kada ka ba su komai, jibi mu tace.