Tambayi Kawu: Ina so in tafi aikin mishan a jirgin ruwa, Baba yace ba da yawunsa ba

Jama'a barkanmu da wannan mako. Tun da na taɓa ambatar cewa na yi shekara ɗaya da rabi ina aikin sa kai a wani asibitin mishan a arewacin Kamaru, wasiƙu suketa shigowa a kan wannan magana, na zaɓo uku, sauran kuyi haƙuri.

Kawu ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni nas ce, shekarata 27, shekara uku kenan ina aiki a Kaltungo. Wata abokiyar karatuna ta turo min bayanin jirgin ruwan asibiti na Mercy Ships wanda yake zagaya ƙasashen Afirka ana yiwa mutane tiyata kyauta, tun ranar hankalina ya kasa kwanciya, ji nake kamar kira ne. Na gayawa Baba yace ba da yawunsa ba, wai ya za'ayi 'ya mace ba aure taje ta zauna a kan ruwa cikin Turawa, kuma wa zai riƙa biyan kuɗin makarantar ƙannena. Yayana kuma cewa yayi in tafi kawai, in na samu hanya kar ma in dawo. Dan Allah Kawu suna biyan albashi ne? Kuma ya zanyi da Baba?
'Yarka daga Kaltungo

'Yata, maganar albashi amsarta gajeriya ce, babu. A irin waɗannan ƙungiyoyi ke ce ma zaki nemo kuɗin tikitin jirgin sama da inshorar lafiya da allurai da ɗan abin kashewa, wasu wuraren har kuɗin abinci da makwanci mutum ne ke biya duk wata. Baturiyar da kika gani a hoto tana murmushi da yaro a hannu, cocinsu da danginta ne suke tara mata kuɗin zaman, wata ma ajiyarta ta shekaru ta kwashe ta zo. Mutanenmu da yawa basu san haka ba, gani suke duk wanda ya tafi mishan dala yake kwasa, ni da na dawo daga Kamaru har da masu zuwa gaisheni suna satar kallon jakata, abin da ke ciki kuwa kaya ne kala uku da Littafi Mai Tsarki da ragowar maganin zazzaɓi.

Ƙungiyar da kika ambata ta gaske ce, Don Stephens da matarsa suka kafa ta a 1978, jirage biyu suke da su, Africa Mercy da Global Mercy, kuma sun taɓa tsayawa a Kwatano da Duwala da Konakiri da Dakar da Firitawun, in suka sauka a tasha sukan yi wajen wata goma. Da Turanci ake aiki. Zasu nemi lasisinki na nas da shaidar kin yi aiki bayan makaranta, sai fasfo da katin rigakafin shawara. Ɗaki kuma ku da yawa ne a ciki, gado mai hawa biyu, ruwan wanka ma a ƙayyade yake. Abin da zai miki amfani sosai shine ba dole sai kin yi shekara ba, akwai masu zuwa na 'yan watanni su koma bakin aikinsu, saboda haka kar ki soma rubuta takardar barin aiki, ki fara tambaya a ofishinku ko zasu baki hutu.

Toh sai Baba. Maganarsa biyu ce kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta zaman 'ya mace cikin baƙi tsoro ne irin na uba, yana raguwa in ya ga takardu ya san inda zaki kwana da wanda ke kula da ku. Amma ta kuɗin makarantar ƙannenki gaskiya ce tsagwaronta, kuma in kika ce masa "Allah zai tanada" kika ɗauki jaka, kin bar tsoho da nauyin da ke kike ɗauka. Ki zauna da biro da takarda, wata nawa zakiyi, nawa kike bayarwa a gida duk wata, daga ina zai fito in bakya nan. In lissafin ya ce sai kin yi shekara ɗaya kina tari to ki yi, jirgin ba guduwa zaiyi ba. Kuma kar ki tunkari Baba ke kaɗai da waya a hannu kina nuna masa bidiyo. Ki fara da Mama, sannan ki je wurin Baba Rabaran da dattawan ikilisiya, su ne zasu zauna da shi irin zaman manya.

Na dage a kan ikilisiya ne don na ga bambancin da idona. A Ayyukan Manzanni sura 13 Barnaba da Shawulu basu sulale da dare ba, ikilisiyar Antakiya ce tayi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu ta sallame su. Wanda cocinsa ya aika shi, in yayi ciwo akwai mai kira, in kuɗi ya yanke zumuntar mata zata yi baiko, in ya dawo akwai inda zai tsaya ya bada rahoto. A wurinmu akwai wani saurayi da ya zo da kansa ba da sanin kowa ba, wata na huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi, mu ne muka yi karo-karo aka maida shi gida, kuma kunyar komawar ta fi ciwon damunsa.

In Baba mai son tarihi ne ki tuna masa yadda bishara ta iso ƙasar Tangale, inda Kaltungo take. A 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, shekara bata zagayo da kyau ba biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Daga wannan ne ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta fito, wadda mutanenta suka zauna a Kaltungo a 1917, cocin ECWA da ta fito daga cikinta kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Mahaifiyar Gowans ce ma ta zaunar da Bingham ta gaya masa labarin ƙasashen nan har ya yarda ya bi ɗanta. Wato wasu iyaye sun saki 'ya'yansu kafin mu samu abin da muke taƙama da shi. Amma ki bari Rabaran ya faɗi wannan, daga bakinki zai zama kamar kina yiwa Baba wa'azi.

Shawarar yayanki kuwa ki bar masa kayarsa. Wanda ya shiga da sunan mishan ya ɓace, ya rufe ƙofa ga yara goma da zasu nema bayansa da fasfo irin namu, wanda dama can ana masa kallon-kallon.

Abu ɗaya kuma, ruwan teku ba shi kaɗai ne filin aiki ba. Asibitin Galmi na SIM a Jamhuriyar Nijar tun 1950 yake aiki, likitoci daga ƙasashe daban-daban suke zuwa suna fama da koyon Hausar da ke kika tashi da ita. EMS ma, ƙungiyar aika 'yan mishan da yanzu take ƙarƙashin ECWA, tun 1948 take aika mutane. Kuma nas ɗin da ta yi aiki a Kaltungo, garin da aka san shi da jinyar saran maciji, ta ga saran kububuwa fiye da yadda likitan Landan zai gani a rayuwarsa. Ki rubuta wannan a takardar nemanki, kar ki raina shi.

Kawu barka da aiki. Ni ɗan Bogoro ne a jihar Bauchi, wata na uku kenan ina wata makarantar horon almajiranci a Afirka ta Kudu, cocinmu ne ya turo ni. Mu huɗu ne a ɗaki, ni da Bajamushe da ɗan Koriya da ɗan Burazil. Gaskiya na gaji. Ba mai gaishe ka da safe yadda ya kamata, shugabanmu ya haura sittin amma sunansa suke kira gatsau, Bajamushen nan ya taɓa ce min a gaban mutane na makara minti goma na ɓata musu lokaci. Ranar Asabar su fita cin abinci kowa ya biya nasa, ni sai in ce kaina na ciwo don bani da shi. Kuma kullum tambayar Boko Haram. Ga sanyi. In dawo gida ne?
Ɗanka daga Bogoro

Ɗana zauna. Wata na uku dama shine watan da mutum ke buɗe jaka yana duba ranar tikitinsa, ni a nawa wata na ukun har na ƙirga kwanakin da suka rage a bangon ɗaki da fensir. Ɗokin zuwa ya ƙare, sabo bai zo ba, shikenan.

Bajamushen nan ina kyautata zaton baya ƙinka. Na zauna da irinsa, wata nas ce ta taɓa gaya min a fili cewa rahoton da na rubuta bashi da kyau, na yi kwana uku bana mata magana ina jiran ta zo bada haƙuri, ashe ita ta manta ma, ranar ta huɗu ta kawo min kek wai ta ji ance ranar haihuwata ce. A wurinsu faɗin magana kai tsaye girmamawa ce, a wurinmu kuwa sai an kewaya an kira ka gefe. Ka same shi ku biyu ka ce masa a ƙasarku gyara a gaban jama'a cin fuska ne, in yana da magana ya same ka kai kaɗai, zaka yi mamakin yadda zai karɓa. Amma kai ma fa ka daina makara, wannan kam yana da gaskiya, ba taron biki bane da za'a ce ƙarfe goma a fara sha biyu.

Gaisuwa kuwa kai zaka koya musu. Ka riƙa gaishe su yadda aka koya maka a gida, ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida, sati biyu zaka ji ɗan Burazil ya fara maida maka yana dariya. Shugaban naku in bakinka ya ƙi kiran sunansa ka ce masa Baba, ka bayyana masa dalili, ban taɓa ganin tsohon da ya ji haushin wannan ba. Ka kuma matsa kusa da ɗan Koriyan, su ma suna girmama na gaba kamar mu, kuma mutane ne masu addu'ar asuba da murya a sama, in kuka haɗu ƙarfe biyar na safe zaka ji kamar kana zumuntar matasa a gida.

Ciwon kan ranar Asabar shine ya fi damuna, don ƙarya ce, kuma ita ke ƙara ware ka. Ka faɗa musu kawai cewa kuɗin da cocinku ke turowa baya kai cin abincin waje. Talauci ba zunubi bane, mutanen Bogoro da suka cire daga abin gonarsu suka aiko ka basu yi abin kunya ba. Sai ka ce Asabar mai zuwa kai zaka dafa. Garin masarar da suke yin abincinsu da shi a can tuwo yake yi sarai, in ka tafi da kuka da daddawa da yaji an gama, in babu ka yi miyar gyaɗa. Kilishi dai kar a aiko maka, nama ba ya wuce 'yan kwastan a yawancin ƙasashe. Ni tuwo da miyar kuka ne ya samo min abokin da har yau muke waya, duk da ranar farko kallon miyar yayi ya tambaye ni ko ta gama dahuwa.

Tambayar Boko Haram, ka amsa da gaskiya, abin ya faru kuma ya taɓa Kirista da Musulmi. Amma kar ka bari ka zama ɗan tausayin ɗaki, wanda ake tayar da shi a taro ya bada labarin wahala a yi hawaye a tara baiko. Ka gaya musu Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, ka gaya musu maƙwabcinku da ke aiko muku naman Sallah kuna aika masa shinkafar Kirsimeti. Sanyi kuma watan Yuni da Yuli ne hunturunsu, ka tambaya ko akwai inda tsofaffin ɗalibai ke barin rigunan sanyi, irin waɗannan makarantu basa rasawa. Ka sake rubuto min a wata na biyar.

Kawu wani ya saka ni a guruf na WhatsApp wai suna ɗaukar matasa Kirista aikin mishan a Kanada, da albashi da gida, in turo naira 350,000 na fom da biza kafin Juma'a a asusunsa. Har da hoton fasto da ayoyi. In tura?
Daga Tudun Wada, Gombe

Kar ka tura ko naira ɗaya. Mishan na gaske zasu nemi wasiƙar faston cocinku, su yi maka tambayoyi, su bincike ka, abin yakan ɗauki watanni, basa cewa kafin Juma'a, kuma basa karɓar kuɗi a asusu mai sunan mutum ɗaya. Alkawarin albashi da gida a Kanada ma kaɗai ya isa ya tona shi, ka sake karanta amsar 'yar Kaltungo a sama. Ka tambaye shi sunan ƙungiyar da adireshin ofishinsu a Najeriya, ka ce zaka je da fastonka, ka ga ko zai sake amsa maka. Hoton faston ma wataƙila daga Facebook ya ɗauko shi, mai hoton bai san ana yi ba. Kafin ka fita daga guruf ɗin ka ɗauki hoton saƙonnin ka nunawa shugaban matasan cocinku ya sanar ranar Lahadi, don ba kai kaɗai aka saka ba.